Ranar da Turaren Ya Kaltum Ya Kori Kowa Waje

Duk wanda ya taɓa bin titin nan da ya ratsa Jiddari Polo bayan la'asar ya san Ya Kaltum, in ma bai san fuskarta ba to hancinsa ya santa, don tun kafin ka hango dalbejiyar da take zama a gindinta ƙamshi biyu ne ke tarar ka a hanya, na danderu da na turaren wuta. Danderu nama ne da ake rufewa a tukunya da kayan ƙamshi a bar shi kan garwashi ya yi ta dahuwa a hankali har sai ka taɓa shi da yatsa ya rabu da ƙashi, ita kuma da burabisko da miyar yakuwa take sayar da shi, a kan tabarma uku, babu kujera ko ɗaya. Ko kai waye sai ka cire takalmi ka naɗe ƙafa. An sha ganin mai mota mai baƙin gilashi ya zo ya zauna, ɗan keke napep ya matsa masa gefe, suna ci suna musun ƙwallo kamar gidansu ɗaya.

Shekararta goma sha tara a wurin. Ainihinta ’yar Abbaganaram ce, Babarbariya, a hannun kakarta Ya Falmata ta tashi, kuma abu biyu tsohuwar ta dasa mata a kai har yau ba su fita ba. Na farko danderu ba a yi masa sauri, na biyu ba a shigar da baƙo ɗakin da bai sha turare ba. Tana ’yar shekara bakwai ta ga kakar nan ta tsayar da baƙi uku a ƙofar gida cikin rana, manyan mutane fa da rawani, har sai da aka zagaya ɗaki da kasko aka ɗaga shi sama hayaƙi ya taɓa rufi sannan ta ce su shigo. To shi ya sa ko a bakin titi Ya Kaltum ba ta rabuwa da kaskonta, in ka gama ci ka wanke hannu sai ta miƙo maka ka turara rigarka, wannan kyauta ne, kuma in ka ce kana sauri sai ta kalle ka kallo ɗaya ka koma ka zauna.

Mijinta Malam Nasidi mai wankin hula ne, Bakano, ya zo Maiduguri tun yana saurayi wai zai yi wata uku ya koyi yadda ake gyaran hular zanna ya koma, yau shekara talatin ke nan bai koma ba. Rumfarsa na tsallaken titi, huluna jere a kan itatuwansu suna shan rana, yana buga su yana kallonta tana zuba abinci. Kullum sai sun tsokani juna. Shi ya ce Hausarta har yanzu ba ta nuna ba, ita ta ce shi da ya shekara talatin bai iya komai da Barbarci ba sai wushe wushe, wato sannu sannu. ’Ya’yansu huɗu duk daga gindin bishiyar nan aka yi musu makaranta, babbar, Binta, har ta yi aure tana Bulumkutu.

Ta ga shekarun da ake rufe gari tun rana ba ta faɗi ba. Lokacin nan ƙarfe huɗu take naɗe tabarma ko abinci ya ƙare ko bai ƙare ba, ta raba sauran a layi, titi ya yi tsit har ka ji motsin ganye. Duk da haka ba ta taɓa fashin kwana uku a jere ba. In aka tambaye ta sai ta ce ai bishiyar ma ba ta tafi ko’ina ba.

To rannan aka wayi gari sai ga wani ƙaton allo an kafa a filin da ke bayan bishiyar, filin da awaki ke kwana a ciki tun da can. Hoton wani dogon gini ne mai gilashi, fitilu ta ko’ina, mutane zazzaune a kan kujeru suna dariya da kofi a hannu. Wani kamfani ne zai gina gidajen abinci da wurin shan ice cream da gasa kifi da wurin wasan yara, wai za a riƙa kaiwa har bayan isha’i ana ciniki. Sunan da suka sa wa wurin na Turanci ne babu wanda ya riƙe, kafin azahar unguwa ta raɗa masa nata, Layin Fitilu.

Ranar tabarmar Ya Kaltum ta zama majalisa. ’Yan keke murna kamar an yi musu albishir, wani ya ce yanzu kam mutum zai ɗauki fasinja da dare ba sai ya koma gida yana kallon bango ba. Ɗalibai suka ce a ƙarshe dai in baƙo ya zo daga Kano akwai inda za a kai shi ya daina yi musu gori. Wani tela ya ce shi hasken kawai yake so, zai jawo kekensa bakin ƙofa ya yi ɗinki a bagas. Wasu kuma suka ce a’a, wurin masu kuɗi ne, mu namu kallo ta waje.

Bulama Umara, wato mai unguwarmu, tsoho mai farin gemu da ba ya cin danderun kowa sai na Ya Kaltum, ya girgiza kai ya ce, “Ni abinci bai dame ni ba. Kiɗa nake tsoro. Ga masallaci nan taku ashirin, a zo a kafa mana lasifika ana dum dum liman na karatu.”

Phebe, maƙwabciyar Ya Kaltum mai soya doya da dama kunun gyaɗa, mutuniyar kudancin Borno, shekara goma sha ɗaya suna zaune kafaɗa da kafaɗa, ta ce, “Bulama ai kai za a fara gayyata ka buɗe fili da rawa.”

“Maman Manasse ki kiyaye ni,” in ji shi, yana dariya har da tari.

Kowa na magana, Ya Kaltum kuwa ba allon take kallo ba. Jikin dalbejiyarta take kallo, inda aka shafa jan fenti aka yi gicciye babba. Ta san ma’anarsa, ta ga an yi wa bishiyoyi irinsa a wasu titunan kafin a kawo zarto.

Gini kuwa kamar ana hura shi. Wata bakwai sai ga shi tsaye, gilashi na walƙiya. Sai manajan wurin ya tara masu abincin bakin titin su tara a gindin bishiyar. Sunansa Taufiq, ɗan mai kamfanin ne, matashi siriri mai tabarau, a garin nan aka haife shi amma a Abuja ya girma, Hausarsa ma can ta fi karkata. Yana da ladabi, sai da ya rusuna ya gaida kowa. Ya ce wurin da suke zaune nan za a yi wurin ajiye motoci, bishiya za ta tafi, kuma ba za a bar kowa ya kasa abinci a gaban gini ba. Amma an ware shago huɗu a ciki don ’yan unguwa. Ranar Asabar mai zuwa bayan la’asar kowa a cikinsu zai shiga shago ɗaya ya shirya abincinsa kamar ya buɗe, shi da Bulama da wasu mutum biyu za su zagaya su ɗanɗana su duba tsabta, huɗun da suka fi su ne da shago.

“Sauran biyar ɗin fa, ɗana?” in ji Ya Kaltum.

Ya gyara tabarau ya ce, “Mama, sai dai su nemi wani wuri.”

Wani wuri. Ita da duk wanda ya santa a nan ya santa, in ta koma wani layi wa zai bi ta, kuma ina za ta samu inuwa irin wannan, kuma wa zai riƙa kallonta daga tsallake yana buga hula. Ranar ba ta iya cin abincin dare ba.

An ba kowa takardar dokoki, gefe ɗaya Turanci gefe ɗaya Hausa. Ita karatun boko bai dame ta ba, Malam Nasidi ne ya sa tabaransa mai ƙafa ɗaya ya karanta mata a tsakar gida. A sa hular rufe gashi. A wanke hannu. Ba a zuba ruwa a ƙasa. An hana kunna itace ko gawayi don girki a cikin shago, sai gas.

“Sake karanta wannan.”

“An hana kunna itace ko gawayi don girki a cikin shago.”

“Don girki ya ce?”

“Don girki. To ke danderunki fa, zai yarda da gas?”

“A gida zan dafa in kai, a can ɗumamawa kawai.”

Ya kalle ta ta saman tabarau. “’Yar Barebari, na san wannan shirun naki. Me kike ƙullawa?”

“Ka ji da hulunanka, Baban Binta.”

Asabar tun asuba ta ɗora tukunya. Rago ne Binta ta sa mijinta ya zaɓo, ta jera naman ta zuba kayanta da ba ta gaya wa kowa adadinsu, ta liƙe bakin tukunyar ta rufe da garwashi sama da ƙasa, ta zauna kusa tana jan carbi tana korar kaji. Wajen ƙarfe uku ta yi wanka ta naɗa laffayarta ruwan zuma wadda ba ta sawa sai biki. Malam Nasidi ya taya ta kai kaya a keke, aka nuna mata shago mai lamba huɗu, Phebe na lamba biyar jikinta.

Tana sa ƙafa ta tsaya. Ɗaki dai ya yi kyau, tayil fari ƙal, tebura da kujeru, sanyi na fitowa daga bango. Amma wari. Fenti da siminti da roba sabuwa, har cikin maƙogwaro. Ta juya ta kalli mijinta.

“A nan Bulama zai zauna ya ci abincina?”

“Sabon gini ne, haka yake. Kowa nasa haka ne.”

“Ni ba kowa ba ce.”

“Kaltume, don Allah.”

Sai aka kira la’asar. Ita ta yi tata a kan sallayarta a lungun shagon, shi ya tafi masallaci yana waiwaye, kuma ya san dalilin waiwayensa. Yana ɓacewa ta zaro kasko daga ƙasan kwandon kwanuka, ta fita ta ƙofar baya ta je wurin mai shayin bakin titi ta roƙi garwashi uku, ta rufe da murfin kwano ta dawo tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da jariri. A ranta ba ta karya dokar kowa ba. Takarda ta ce girki, wa ya taɓa cin turare?

Kuma ba ƙaramin turare ta ɗauko ba, wanda ta haɗa wa Binta na aure ne ta rage a kwalba, hawi da sandal da kajiji, ya shekara uku yana tsumuwa. Ta rufe ƙofa, ta rufe tagogi duka don ƙamshi ya kama bango, ta zuba cokali biyu, ta ga ɗakin da girma ta ƙara na uku. Hayaƙi ya tashi fari mai kauri, ta bi lungu lungu, ƙarƙashin tebur, bayan ƙofa, jikin labule. Sai ta ɗaga kai. A tsakiyar silin akwai wani farin abu kamar murfin kwano an manna, da ’yar jar fitila tana ƙyaftawa. Ta ɗauka ado ne irin na masu kuɗi. Ta tuna kakarta, turare bai gama aiki ba sai ya taɓa rufi, ta miƙe a kan yatsun ƙafa ta ɗaga kaskon da hannu biyu daidai saitin abin nan.

Ƙarar da ta tashi, Ya Kaltum ta ce har yau in ta tuna sai haƙoranta sun yi tsami. Ba shagonta kaɗai ba, ginin gaba ɗaya ya ɗauka, wiii wiii wiii, jajayen fitilu na juyawa a baranda. Ashe abin na’urar jin hayaƙin gobara ce, kuma duk an haɗa su da juna.

Mutanen garin nan kuwa sun ga abin da suka gani a shekarun baya, in sun ji jiniya ba sa tsayawa tambaya, ƙafa ce ke fara amsawa. Masu abinci takwas suka fito a guje, Phebe da matsamin doya a hannu mai na ɗiga, wani mai tsire ya bar wuƙarsa ya ɗauko jaridar naɗi bai san ya ɗauko ba. Leburori suka diro daga tsani. Bulama Umara da ya shigo ke nan tare da Taufiq, mutumin da kullum yake kukan gwiwa, shi ya riga kowa isa titi, takalminsa ɗaya a baranda. ’Yan keke suka juya kan kekunansu, mai shayi ya kwanta bayan teburinsa, awaki ma suka san inda suka nufa.

Can nesa aka tsaya ana haki ana kallon gini. Babu wuta, babu komai, sai ƙara. Taufiq na ƙirga masu abinci da yatsa, takwas, takwas, ina ta taran?

Sai ƙofar lamba huɗu ta buɗe, hayaƙi ya fito luuu, a cikinsa ga Ya Kaltum. Ta tsorata ita ma kamar kowa, amma ba za ta bar danderun da ta tsare tun asuba ba, sai da ta naɗa gammo ta ɗora tukunyar a ka. Kuma a ruɗe ta manta da abin da ke hannunta na dama. Haka ta ratso filin nan gaban jama’a, laffaya ruwan zuma, tukunya a ka, kasko a hannu yana ta fitar da hayaƙinsa hankali kwance.

Iska ta kaɗo ƙamshin ya iso wurin mutane kafin ita. Kowa ya fara shinshina. Wata mata a baya ta ce, “Wannan ai hawi ne.” Shi ke nan wani ya fashe da dariya, dariya ta kama titi, har da masu riƙe ciki suna zama a ƙasa. Malam Nasidi da ya fito daga masallaci a guje ya tsaya ya dafa kai ya ce a hankali, “Don girki. Na san za a yi haka.”

Taufiq bai yi dariya ba. Ya kira Alfred, injiniyan da ya haɗa na’urar, don shi kaɗai ya san yadda ake kashe ta, Alfred ya ce yana Bulumkutu wurin sayen waya, ga cunkoso, sai a ba shi kamar minti arba’in. Jiniya kuwa ba ta gaji ba. Babu mai iya zama cikin ginin nan ya ɗanɗana komai.

Bulama ya matso yana ɗingishi da takalmi ɗaya ya ce, “Taufiq, wannan ne kiɗan da za ku riƙa sa mana? In shi ne gara ku kawo gangar.”

Ya Kaltum ba ta ji ma ba. Gindin bishiyarta ta nufa don ba ta san wani wurin zuwa ba, ta sauke tukunya ta zauna a kan saiwa ta ja laffaya ta rufe rabin fuska. Ta san ta gama. Shago ya tafi, bishiya dama ta tafi, kuma gobe har Abbaganaram za a ji cewa jikar Ya Falmata ta kori Bulama ba takalmi. Phebe ta zo ta zauna kusa da ita ta dafa ta, kafaɗarta na rawa don dariyar da take dannewa.

Sai Ya Kaltum ta ɗaga ido ta ga mutane tsaye cikin rana a gaban wurinta, Bulama da Taufiq da baƙin nan biyu suna share gumi. Wannan kuma ba ta iya gani ba, kome ya faru. Ta miƙe ta jawo tabarminta uku daga inda take jingine su ta shimfiɗa, ta aika aka kwaso mata kwanuka da kular burabisko daga shagon, mai ɗaukowa na toshe kunne da kafaɗa.

“Bulama bismilla. Ɗana, zo ka zauna. Shago dai na san na rasa, amma naman nan bai yi laifin komai ba.”

Taufiq ya kalli tabarma ya kalli wandonsa, ya ga Bulama har ya zauna, sai ya cire takalmi. Ta fasa liƙin tukunya. Tururin da ya fito ya sa ’yan keken da suka gudu suka fara dawowa ɗaya ɗaya. Ta zuba a babban faranti, Taufiq ya nemi cokali, Bulama ya ce masa, “Wanke hannu kawai.” Ya kai loma ta farko, ya kai ta biyu, ya ture tabarau sama ya gyara zama.

Da sauran masu abincin suka ga haka kowa ya ruga ya kwaso nasa, doyar Phebe, tsire, sinasir, kifi, aka jera a inuwa. Masu wucewa da suka zo kallon gobara suka tarar da walima, wasu suka zauna suka saya, mota biyu suka tsaya. Jiniya na yi ana ci, har yara suka fara bin ta da baki.

Da aka wanke hannu Ya Kaltum ta yi abin da hannunta ya saba, ta ƙara ɗan turare a kasko ta miƙa. Sai da ta miƙa ta tuna, ta so janyewa, amma Bulama ya riga ya karɓa ya zura shi ƙarƙashin babbar rigarsa yana lumshe ido, sannan ya tura wa Taufiq. Taufiq ya riƙe kaskon yana kallonsa.

“Mama, don Allah me ya sa? An rubuta fa a takarda.”

“An rubuta girki. Ɗakin yana warin fenti, ga baƙi za su shigo.”

Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma ya jira ƙari bai samu ba. Ya duba gefe ya ga Bulama na gyaɗa kai, matan wurin duk suna gyaɗa kai, kamar ta faɗi abin da ba ya buƙatar bayani. Sai Phebe ta buɗe jakarta ta fito da ’yar kwalba da ƙaramin kasko ta ajiye a tabarma.

“Manaja, gaskiya ni ma jira nake ta gama in roƙi garwashinta.”

Mai sinasir ta ɗaga gefen mayafinta, ga nata. Mai kifi ta ce ita nata na cikin bokiti.

Taufiq ya cire tabarau ya goge ido yana dariya har ya kasa magana. Da ya samu numfashi ya ce, “Wato ko wa na ba shagon nan, kullum sai mun yi gudu.”

“Kullum,” in ji Bulama. “Kuma ni gwiwata ta yau ce ta ƙarshe.”

Daidai nan Alfred ya sauka daga keke ya shiga da gudu, jiniya ta ɗauke, kunnen kowa ya ci gaba da yi shi kaɗai. Taufiq ya ɗaga kaskon ya kara hularsa a kan hayaƙin yana juya ta a hankali, Malam Nasidi ya ce a’a ashe ɗan gari ne, ya iya. Taufiq ya daɗe yana kallon mutanen da suka cika tabarma har wasu na tsaye suna jiran wuri, ya kalli ginin gilashinsa babu kowa ciki, ya ɗaga kai ya kalli bishiya.

“Mama, shago kam ba zan ba ki ba.”

Ta gyaɗa kai, ta fara tattara kwanuka don kada a ga idonta.

“Mota nawa za ta shiga gindin bishiyar nan, Alfred?”

Alfred da ya fito daga ginin ya auna da ido ya ce uku, in an matsa huɗu.

“To mota uku su nemi wani wuri. A bar bishiyar, a zagaye ta da dakali, a ja mata wuta. Duk mai hayaƙi ya zauna a nan waje, mai tsire ma. Zan gaya wa Baba yau. Amma Mama, kaskon nan in ya ƙara taka baranda ni da ke ne.”

Ya Kaltum ta tsaya da kwano a hannu. Ta buɗe baki Hausa ta gudu, sai Barbarci ke fitowa, addu’a kan addu’a, Taufiq na amin amin bai san rabin abin da ake roƙa masa ba. Malam Nasidi ya ce wa na kusa da shi, “Ka gani, in ta ji daɗi ba ta san ni ba.”

An buɗe Layin Fitilu bayan ƙaramar salla. Kiɗa akwai amma ƙasa ƙasa, kuma ana kiran salla ake kashewa, wannan Bulama ne ya tsaya a kai har aka rubuta. Masu cewa wurin masu kuɗi ne har yanzu suna faɗa, amma a kan tabarma suke faɗa da nama a hannu. Jan fentin jikin dalbejiya an shafe shi da fari, an naɗe rassanta da ƙananan fitilu, tabarma ta zama bakwai, kuma Ya Kaltum da a shekarun baya take naɗewa ƙarfe huɗu yanzu sai ta yi isha’i a wurin take tashi, tukunya biyu take dafawa duk da haka ba ta isa.

Shago mai lamba huɗu Phebe aka ba. Kullum da hantsi kafin ta buɗe za ka ganta ta ciro labulenta ta rungumo ta kawo gindin bishiya, matan sauran shagunan na biye da nasu, Ya Kaltum ta kifa kwando a kan kasko ta shimfiɗa labulayen a kai ɗaya bayan ɗaya har su sha su ƙoshi, sannan a mayar a rataye. Alfred ya zo ya tsaya ƙarƙashin na’urarsa ya shinshina ya kalli jar fitilar, ba ta ce komai ba.